Amya Arba'in a Kwanar Dutse

Litinin, 3 ga Yuli

"Yaya, kafin mu ja tirela zuwa dutse zan wanke lagireto, in sake tiyo, in bi motar nan lungu-lungu. Na rantse da kabarin Baba." Haka ƙanena Tibi ya ce ranar Ista, bakinsa cike da naman rago, yana ƙwanƙwasa jan dafaffen ƙwansa a kan nawa kamar yadda ake yi a bikin. A gaban matarsa Zamfira ya faɗa. Yau ga mu cikin Yuli. Na ɗaga bonet da safe, na tarar gizo-gizo ya yi gida tsakanin batir da fambel, har ya hayayyafa.

Furen dajin nan ya ƙare. Masu babbar gonar gabas sun aiko cewa Litinin mai zuwa za su yi feshin maganin ƙwari da jirgi. Amya arba'in Baba ya bar mana a jikin tirela, ashirin kowane gefe, da ɗan ɗakin kwana a bayanta. In feshin nan ya same su a nan, ko ɗaya ba za ta tashi ba. Dole su hau dutse cikin makon nan, kuma tsohuwar jif ɗin nan ce kaɗai za ta ja su.

Shekara ashirin da wani abu ina koyar da adabi. Na karanta matan da suka kashe maza da guba, da gatari, da matashin kai. Ban taɓa cin karo da wadda ta kashe ƙanenta a kan lagireto ba. Akwai gurbi ke nan.

Laraba, 5 ga Yuli

Ya zo da rana tsaka yana warin barasar gida. Ya shuri tayoyi huɗu, ya tuttula bokiti ɗaya a lagireto, ya karkaɗe hannu. Wai an gama.

Na tsayar da shi na maimaita masa dokokin Baba kamar ɗan aji ɗaya. Giya ta biyu tun daga gindin hawa, kada a jira sai mota ta fara nishi. Hita a ƙure, tagogi a buɗe, don ta riƙa zuƙe zafin inji ko da mu za mu dahu. Ido a kan allurar zafin inji. In ta doshi ja, a nemi inuwa a tsaya, amma kada a kashe inji, a bar shi yana juyawa a hankali. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi sai hannu ya iya zama a kansa.

"Yaya, mota fa ba littafi ba ce."

Na ce da littafi ce da a bango ka tsaya.

Sai na tambaye shi kwalin. Duk sanyin hunturu yakan cusa kwali a gaban lagireto, kamar kowane namiji a ƙauyen nan, don inji ya yi saurin ɗumi. Ya ce tun Maris ya cire. Na leƙa ta ragar gaba ban ga komai ba, na ƙyale shi.

Littafin motar sau biyu na karance shi, har da shafin wayoyin wuta. Amma ban taɓa jan tirela ba. Baba ya ce ja aikin namiji ne. Tibi ya miƙa wa makulli, ni ya miƙa mini gwangwanin yi wa zuma hayaƙi. Allah ya ji ƙansa, shi ma yana da amsar da zai bayar.

Juma'a, 7 ga Yuli

Jiya ya kamata mu tafi. An yi wa jaririn dangin Zamfira baftisma, kuma wai ba a yanka kek sai Tibi na wurin. Don haka sai gobe Asabar, ranar da duk mutanen birni ke ɗibar 'ya'yansu su hau dutse shan iska.

Da magariba na jira zuman suka gama dawowa, na rufe ƙofofin amyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na jiƙa buhuna na shimfiɗa a sama, na cika jarka biyu don yayyafi a hanya. Amya a rufe kamar tukunya ce a kan murhu. Muddin ana tafiya iska na ratsa ragar, lafiya lau. In aka tsaya cikin rana, kaki ya narke, zuma ta zubo ta shanye su. Dole mu kai filin dattijo Nea Pamfil da ke saman ƙauyen Fundata kafin rana ta yi ƙarfi.

Na ce masa da asuba. Ya ce, "Kafin zakara, Yaya." Wane zakara, bai faɗa ba.

Asabar, 8 ga Yuli

Ba na iya riƙe biro. Hannuna ya kumbura kamar burodi.

Lahadi, 9 ga Yuli

Bari in rubuta tun yana da zafi, kada gobe wani ya gyara mini labari.

Rana ta riga ta fito ya iso, idanu jawur. Muka ratsa garin Campulung. Muka wuce Rucar, hawa ya fara, shi yana giya ta uku. Na ce ta biyu. Ya ce motoci sun yi layi a bayanmu. Na ce su yi layi har teku. Suna ta hon, shi kuma kunnuwansa sun yi ja, don duk duniya ba abin da Tibi ke tsoro kamar wani namiji ya ɗauka bai iya tuƙi ba. Ya ƙara taka mai. Injin yana gurnani, tirela na fizgar mu baya a kowace kwana.

Allura ta wuce tsakiya. Na kunna hita. Ya kashe.

"Ke kashe ni za ki yi? Kaina kamar zai tsage!"

Na sake kunnawa. Ya doke mini hannu. Ni, wadda ta goya shi. Na kai masa duka a ƙeya da kwalbar ruwa, motar ta yi tangal-tangal, wata mata a motar baya ta ƙwalla ihu. Kafin mu gama, allura ta kwanta a kan ja, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, tururi ya turnuƙe gilashi.

Akwai inuwar itatuwa can gaba kaɗan. Bai kai ba. A tsakiyar kwana ya tsaya, dutse tsirara a dama, rami a hagu, rana a tsakar ka. Sannan ya murɗa makulli ya kashe inji. Na ji ruwan yana tafasa a ciki, ƙul-ƙul-ƙul, kamar wake.

Daga nan na ji ɗaya ƙarar. Duk wanda ya yi kiwon zuma ya san ta. Da farko gunaguni ne ƙasa-ƙasa, sai ta riƙa hawa, tana siririya, har ta koma kamar zarto a kan ƙarfe. Amya arba'in suna kururuwa lokaci ɗaya. Na duƙa na leƙa ƙarƙashin tirela, zuma na ɗiga a kan kwalta.

Abin da na faɗa masa, na san na faɗa. Na ce yi wani abu, shashasha, yi wani abu, suna dahuwa. Ban ce ya buɗe murfi ba. Ko Zamfira za ta kai ni gaban bishop, ban ce ba.

Ya tuɓe riga ya naɗe hannu da ita. Ina bayan tirela ina kwance jarka, na hango shi ya sunkuya. Na ce Tibi, kada! Ban san ko ya ji ba. Murfin ya tashi sama kamar harsashi, ruwan ya bi shi, ya fi tsayin mutum. Ya same shi a fuska ta hagu, da wuya, da ƙirji. Bai yi ihu nan take ba, sai da ya zauna daɓas a kan titi yana kallon hannunsa, fatar ta zame ta rataye kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Sannan ya fara.

Jarka biyu gare ni. Na tsaya da ɗaya a hannu, shi a gabana, su a bayana. Ban san tsawon tsayuwar ba, kuma ba na son sani. Na juye masa ta farko. Ta biyun ma shi.

Ruwa ya ƙare, saura abu ɗaya. Na bi tirela da gudu ina fizge ƙofofin, gefe da gefe, babu raga a fuskata, babu safar hannu. Suka fito kamar hayaƙin taya. Sama ta yi baƙi. Mutanen da suka fito daga motoci suna ɗaukar mu hoto da waya, sai ga su suna tsalle suna marin kansu, yara na kuka, ana rufe gilasai. Wani ƙato da gajeren wando ya taho yana nuna ni da yatsa, wai mahaukaciya, wai zai kai ni kotu. Sifanar taya na hannuna, ban san lokacin da na ɗauko ta ba. Na sauke ta a kan madubin motarsa. Na ce saura gilashin gaba, in kana so ka zauna da su a ciki. Ya shige motarsa ya kulle.

Na dawo gaban jif. Tururi ya lafa. Na zura hannu tsakanin raga da lagireto, can ciki inda ido ba ya kaiwa, yatsuna suka taɓa shi. Na zaro. Kwalin akwatin ayaba, ya rufe fiye da rabin lagireto, ya yi laushi don zafi.

Yana kwance a gefen titi yana karkarwa. Na nuna masa. Ya kalle shi da idon da ya rage a buɗe.

"Na ɗauka na cire, Yaya."

Na yi ta maka masa kwalin a ka har ya yayyage. Da ya ƙare na sa ƙafa. Wani direban babbar mota ne ya rungumo ni ta baya ya ɗaga ni sama, yana cewa, "Uwargida, ya isa, mutum ne fa." Zuma na harbinsa a wuya amma bai sake ni ba sai da motar asibiti ta zo.

Ban bi su ba. Wa zai zauna da amyoyin?

Litinin, 10 ga Yuli

Nea Pamfil ne ya sauko da tarakta a daren Asabar ɗin, bayan zuman da suka tsira sun koma amyoyinsu. Taraktarsa ta tsufa, ba ta iya kai mu sama, sai ya ja mu zuwa filin bikin ƙauye da ke ƙasan kwanar, kusa da rafi. A nan nake, ina kwana a ɗakin tirela.

Yau na buɗe amyoyin. Goma sha ɗaya sun tafi, duk na gefen da rana ta daka. Saƙar ta zube ƙasa, kaki da zuma da gawa sun cakuɗe sun zama baƙin kunu. Da cokalin miya na kwashe. Warin kamar an dafa gashi cikin sukari. A cikinsu har da shuɗiyar amyar da Baba ya fara da ita, wadda jikokin jikokin sarauniyarta suka yi ta haihuwa tun ina 'yar makaranta. Na haƙa rami a bakin rafi na zuba. Na yi amai sau biyu, na koma na ci gaba.

Yau ne suke feshi a can gida. To, aƙalla wannan bai same su ba. Tibi ya riga jirgin.

Laraba, 12 ga Yuli

Zamfira ta kira. Ban ɗauka ba. Ta sake kira, na ɗauka don in ji daɗin kashewa.

"Kin doki mutum yana kwance fatarsa a saɓule! A kan ƙwari!"

Na ce ƙwarin ne suka yi miki rufin gida. Ta ce likita ya ce idon hagu sai abin da Allah ya yi. Na ce hagu ne ai, da ma ba da shi yake kallon allura ba. Na kashe.

Bayan nan na daɗe zaune a bakin rafi. Ba don komai ba, ƙafata ce ke ciwo, wadda na yi shurin da ita.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ɗan sandan ƙauye ya zo, ya tsaya can nesa da hularsa a hannu yana kore iska. Ranar ashirin ga wata bikin Annabi Iliya ne, filin nan zai cika da 'yan kasuwa da makaɗa da masu gasa nama. Ya ce kafin ranar in bar wurin, ko ya kira masu kashe gobara su yi musu wanka da kumfa. Na ce ya gwada. Ya ce, "Malama, ni ma umarni aka ba ni." Ya san ni, na taɓa kayar da shi a jarrabawa. Da alama na yi daidai.

Furen nan ma bai ishi zuman ba. Sun fara fashi a junansu, ana kokawa a bakin kowace ƙofa, gawawwaki a ƙasa da safe. A sama kuwa Nea Pamfil ya ce gangaren ya yi jawur da fure, ba mai sha.

Juma'a, 14 ga Yuli

Na sa hannu a injin da kaina. Allah ya taimaka bai buga ba, man bai gauraye da ruwa ba. Tiyon sama ne ya tsage. Na hau bas zuwa Rucar na sayo tiyo da murfi da maganin ruwan sanyaya inji. Na kwance lagireto, na kai shi rafi, na yi ta ɗura ruwa ta baya har laka mai launin tsatsa ta daina fita. Tsakanin haƙoransa audugar itace ce da ƙwari na shekara da shekaru, da tsinken gashina na tsince su. Fambel ya saki, na ɗaure. Fatar yatsuna uku ta tafi.

Wannan shi ne aikin da aka rantse da kabari a kansa. Wuni ɗaya.

Da yamma na ɗaura tirela na zagaya filin. Gaba ba laifi. Baya kuwa, in na juya dama sai ta yi hagu, kamar akuya. Na karya shingen wani. Na zage ta, na zagi Baba, na sake gwadawa.

Matsalar ita ce kwanonin hanyar dutsen nan. In mota ta tsaya a hawa, sai wani ya dira ya cusa katako a bayan taya kafin a saki birki. Ni nake yi wa Tibi. Kuma mai tuƙi a irin wannan hanya ba ya iya raba ido tsakanin rami da allura. Nea Pamfil ya haura tamanin, gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

Lahadi, 16 ga Yuli

Na je asibiti. Ba dubiya ba, makullin ƙafar tirela na je karɓa, yana aljihun wandonsa.

Sun naɗe shi kamar cuku a ƙyalle. Rabin fuska, wuya, hannu har kafaɗa. Ɗakin na warin magani da wani abu a ƙarƙashin maganin. Zamfira ta miƙe za ta tare ƙofa, ya ce ta bar ni. Muryarsa ta koma ta tsoho.

"Nawa?"

Na ce sha ɗaya.

"Shuɗiyar fa?"

Na girgiza kai. Ya juya fuska bango, kafaɗarsa mai lafiya tana rawa. Na yi niyyar gaya masa abubuwa da yawa, na tsara su a bas, har da na raba amyoyin kowa ya kama gabansa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, inda kwalbar ta same shi har yanzu da ƙulu. A wurin nan ne gashinsa ke murɗewa tun yana jariri.

Na ce na gyara motar, Laraba zan ja tirela sama. Ya juyo da sauri har ya yi ƙara.

"Ke? Ke da ko keken ɗinki ba kya iya mayarwa baya?"

Na ce ni dai ban dafa kowa ba.

"A kwana ta huɗu ki buɗe sosai, ki ci hannun masu saukowa, in ba haka ba tayar baya za ta faɗa. Kina ji na, Yaya? Wa zai sa miki katako?"

Na ce shaiɗan. Ya ce shaiɗan ba zai shiga mota ɗaya da ke ba. Zamfira ta ce likita ya ce Talata za a iya sallamarsa, amma gida zai wuce ya kwanta, kuma in ya sake ya bi ni, ya nemi wata matar. Na ɗauki makullina na fito. A bakin ƙofar asibiti na zauna a kan dakali, bas biyu suka wuce ni.

Litinin, 17 ga Yuli

Na gwada ta a ɗan hawan da ke bayan coci, tirela a ɗaure, giya ta biyu, hita a ƙure. Allura ta tsaya cak a tsakiya. Na jiƙe sharkaf, amma ta tsaya.

Iskar hitar nan kamar bakin tanda take. Sabuwar fata ba za ta jure ta ba. Na toshe ramukan gefen fasinja da tsumma na bi da salatif, na juyo da sauran duk wajena. Na rataya tawul a tagar gefen saboda rana. Na ƙulla wa katakon igiya doguwa yadda mai hannu ɗaya zai iya jefa shi ya janyo. Ba don kowa na yi ba. Gyara ne kawai, mota tana son gyara.

Na aika masa saƙo ta waya, ba gaisuwa. Gobe da magariba zan rufe amya ashirin da tara. Laraba, da zarar na iya ganin hannuna ba fitila, zan tayar da inji. In yana bakin filin nan, ya shiga gefe, ya kama bakinsa, ya ɗora idon da ya rage masa a kan allura, abin da zai faɗa kawai shi ne "ta hau" ko "ta sauka". In ba ya nan, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba. Zan hau ni kaɗai, in tirela ta ja ni rami to ta ja mu duka. In kuwa na kai, zan buɗe musu ƙofa, in kwance tirela, in juyo da jif ɗin har ƙofar gidan Zamfira. Zan ɗauke shi da bandejinsa da komai, ko tana ihu ko tana suma, in kai shi saman dutsen nan in zaunar da shi a inuwa, ya yi gadinsu har kaka. Ni zan riƙa wanke masa ciwon. Ba zan yi a hankali ba.